Ɗingishin Sonata ta Uku

Hollerstedt, Jamus ta Gabas
3 ga Afrilu, 1974

Zuwa ga ƙanwata Almut,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Baba yana gaishe ki. Tarin da ya matsa masa da sanyin bana ya lafa, sai dai yatsunsa na hagu sun ƙara ƙagewa, yanzu ko maɓallin riga ni nake saka masa. Gahawar da kika aiko ta iso. An buɗe kwalin a kan iyaka kamar kullum, amma wannan karon ba su ɗebi komai ba.

Wannan wasiƙar ba ta gidan waya za ta zo miki ba, Gwaggo Trude ce za ta kawo ta. Tunda ta yi ritaya, hukuma ba ta damu ta dawo ko kada ta dawo ba. Saboda haka yau zan saki baki.

Ki kwance tawul ɗin da ta naɗo a ƙasan akwatinta. Shafi sittin da huɗu ne, duk rubutun hannuna.

Bara rufin tsohuwar fada, inda ɗakin karatunmu yake, ya yi yoyo. Shugabanmu Pohlenz ya sa ni kwashe akwatunan ɗakin sama, don shi bayansa ba ya son aiki. A ƙasan ɗaya daga ciki na tarar da wani siririn littafi mai bango ruwan toka. Sonata shida ne, wato dogayen kiɗe-kiɗe shida, na gamba, irin gogen nan naki da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi. Wani Ambrosius Kessner, makaɗin fadar nan, shi ya rubuta su a 1731. Na bincika duk kundin da muke da shi, babu wanda ya san da su. Almut, sai da na zauna a kan akwatin.

Injin ɗaukar hoton takarda yana ofishin Pohlenz a kulle, kowane shafi sai an sa hannu an faɗi dalili. Don haka da fensir na kwafe su, a hutun abincin rana, wata goma sha huɗu. Duk inda tawada ta dushe ko tsutsa ta ci takarda, na rubuta abin da na gani da abin da nake zato da jan fensir a gefe. Na gwada su a celona, babban gogen nan nawa, amma celo tsirkiya huɗu gare shi, kiɗan kuwa na mai bakwai ne. Akwai wuraren da yatsuna ba sa kaiwa. Naki za su kai, kullum naki suna kaiwa.

Ban faɗa wa Baba ba, kin san bakinsa. Takardar tallar wasanki na Basel tana nan manne a bangon ɗakin girki, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa. Jiya ya ce wa mai kawo mana kwal, “Ƙaramar ita ce makaɗiya, babbar tana tsaron littattafai.” Ina tsaye da kwanon miyarsa a hannu. Ya manta na riga ki kama baka da shekara huɗu. Ya manta a 1960 da aka ce ɗaya za ta tafi karatu, ɗaya ta zauna da Mama tana jinya, ba a jefa ƙuri'a ba. Shekara ta zagayo aka rufe iyaka, magana ta ƙare.

Ba don wannan na rubuto ba. In na miƙa su nan, za su yi shekara goma a aljihun tebur, sannan su fito da sunan wani farfesan babban birni da bai taɓa ɗaga akwati ba. Ke kina ƙasar da ake buga littafi. Ki kaɗa su, ki sa a buga su yadda masana suke yi, da gabatarwa da bayanin kowane wuri mai shakka. Sunana kuwa, ki kiyaye mini shi.

In za ki amsa ta gidan waya, zancen lafiya da gahawa kawai.

Yayarki,
Gerlinde

Basel
19 ga Afrilu, 1974

Yaya Gerlinde,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Ki ce masa ya riƙa jiƙa hannun a ruwan ɗumi da safe. Ni lafiya lau. Gwaggo ta iso lafiya, ta cinye mini cakulan ɗin gidan nan kaf, tana ci tana cewa na Switzerland bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Jibi za ta juyo, ita za ta kawo miki wannan.

Yaya, me kika yi haka? Ko tawul ɗin ban ɗauke daga ƙasa ba na ɗauko goge. Washegari na kai wa Urs, wanda yake kaɗa mini rakiya. Muna tsakiyar sonata ta farko ya ɗage hannu ya ce, “Wane ne wannan? A ina kika sato shi?” Na ce ya yi kiɗansa ya bar tambaya.

Bari in faɗa miki abin da ba za ki yarda ba. Da na gama ta shida, haushinki na ji. Shekara goma sha huɗu ina bin ɗakunan karatu, Paris, Brussels, har London, ina shaƙar ƙura ina neman abu ɗaya tak da ba a riga ni gani ba. Ke kuma yoyon rufi ya kawo miki har hannu. Kin taɓa takardar da mutumin ya taɓa, kin ga inda alƙalaminsa ya yi tuntuɓe. Ni kwafi na samu.

Zancen Baba kuma, takardata ce a bango, amma ke kike saka masa maɓalli. Da Mama ta rasu, an hana ni takardar shigowa, a tashar jirgin ƙasa na yi kukana. Kada ki ɗauka ke kaɗai aka yi wa rabon da bai yi daidai ba.

Yanzu aiki. Jan fensirinki ya fi rabin masanan da na sani hankali. Amma ta uku tana ɗingishi. A sashen nan mai tafiya a hankali, daidai inda kika rubuta cewa an juya shafi, kiɗan yana sauya magana. Kamar mutum yana ba ka labarin rasuwar matarsa, sai ya koma zancen noman dankali. Ko kin tsallake layi? Ki sake dubawa don Allah.

Maganar sunanki na ji, na kuma fahimta. Ki kwantar da hankalinki.

Ƙanwarki,
Almut

Hollerstedt
2 ga Yuni, 1974
(kati, ta gidan waya)

Almut,

Muna lafiya, Baba ya fara fita lambu. Abin da kika ce yana ɗingishi, na duba sau uku, haka mai shi ya yi shi. Ni ba na tsallake layi. Wataƙila a Basel ba a saba jin abin da ba a koyar a aji ba. Gahawa ta kusa ƙarewa.

Gerlinde

Basel
11 ga Mayu, 1975

Yaya Gerlinde,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Baba. Na yi murna da ganin Gwaggo a kan ƙafafunta, ko da sanda ce. Saboda ƙugun da ta karya da kaka, shekara guda ke nan ba mu yi magana ta gaskiya ba, sai katunan lafiya da gahawa.

Ga littafin nan, ya fito! Na sa mata guda biyu cikin rigar sanyinta. Ki shafa takardar ki ji. Gabatarwa shafi tara, bayanai arba'in da ɗaya, dukkansu daga jan fensirinki, ban sauya ko ɗaya ba. Ta uku na bar ta yadda kika ce, na dai sa bayani cewa wurin baƙo ne a kunne. A inda ake faɗin asalin rubutu na ce, “Daga wani kwafin hannu da ke wurin iyalina.” Mutumin maɗaba'a ya yi ta gunaguni cewa masana ba za su so haka ba, na ce ko haka ko a fasa.

Akwai abin da na so in tambaye ki kafin a buga, amma ba irin na gidan waya ba ne, Gwaggo kuma tana kwance. Sai na yanke shawara ni kaɗai.

Ranar Lahadin da ta wuce muka kaɗa su a bainar jama'a, ni da Urs. Mutum ɗari uku, wasu a tsaye. Sau huɗu suka maido mu da tafi. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce ta biyu ta tuna mata da garinsu da aka rushe lokacin yaƙi. Gidan rediyo ma suna so su ɗauka. Da kina nan!

Ki nuna wa Baba.

Ƙanwarki,
Almut

Hollerstedt
14 ga Oktoba, 1975

Almut,

Muna lafiya. Baba yana cin abinci, yana barci. Katunanki uku sun iso, ban amsa ba don ba ni da zancen gahawa. Na jira tafiyar Gwaggo.

Na nuna masa, kamar yadda kika ce. Ya sa tabarau, ya karanta bangon da ƙarfi, harafi harafi. “Ambrosius Kessner. Sonata shida. Wadda ta shirya don bugu, Almut Sauerbrey.” Ya buɗe gabatarwa, ya ga mutumin makaɗin fadar garin nan ne. Sai ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, “Kin gani, Gerlinde? Tana can Basel ta gano mutumin garinmu. Ke shekara ashirin kina zaune a kan akwatunan fadar.”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

Ya ce, “Ba laifinki ba ne. Kowa da abin da aka ba shi.”

Na shiga ɗakin girki na yanka albasa, ko girkin bai nemi albasa ba. Ba zan iya faɗa masa ba, don kafin yamma mai kwal ya ji, kafin safiya Pohlenz ya ji.

Na karanta littafin daga bango zuwa bango, ina neman kaina. Kin gode wa Urs. Kin gode wa mutumin maɗaba'a. Kin gode wa wata mata da ta buga miki gabatarwa da tafireta. Ni ce “iyalina”? Wata goma sha huɗu ban ci abincin rana a zaune ba, ina jin takun mutum sai in rufe da jarida, ashe “iyalina” ce take wannan aikin.

Bayani na goma sha bakwai, inda tsutsa ta cinye alamar kiɗa uku, mako biyu na yi ina kwatanta wurin da makamancinsa a ta huɗu kafin in gane abin da ya ɓace. Ga shi nan a buge, da kyawawan haruffa, ƙarƙashin sunanki. Wani ɗalibi zai karanta ya ce, kai, matar nan akwai basira.

Na ce ki kiyaye mini sunana. Kika haƙa rami kika binne shi, kika aiko mini da labarin tafi. Mutum ɗari uku, sau huɗu, tsohuwa tana hawaye. “Da kina nan.” Ina nan, Almut, inda kika bar ni. Kin tafi da karatun, kin tafi da goge mai tsirkiya bakwai, kin tafi da bangon ɗakin girki. Abu ɗaya na samu da hannuna a duk rayuwata, shi ma na naɗe a tawul na aika miki.

Ta uku kuwa, tunda kin riga kin buga, sai ki ci gaba da kaɗa ta yadda take.

Kada ki ƙara aiko gahawa. Ina shan ta gida.

Gerlinde

Basel
2 ga Nuwamba, 1975

Yaya,

Ina gaishe ku. Ni ba ni da lafiya sosai, barci ya ƙaurace mini, amma ba ciwo ba ne.

Na ɗauko wasiƙarki ta farko, ga ta a gabana. “Sunana kuwa, ki kiyaye mini shi.” Layin da ke biye kuma kin ce kada in ambaci komai ta gidan waya. Me kike so in fahimta? Na ɗauka cewa kike in tsare shi daga idon waɗanda suke buɗe mana kwali. Na rubuta miki cewa na fahimta, ba ki ce mini a'a ba. Abin da na so in tambaye ki ke nan lokacin da Gwaggo take kwance. Na rubuta shafin godiya sau biyu, ɗaya da sunanki a sama, ɗaya babu. Na tuna in suka gani za su karɓe mabuɗinki, ko su yi abin da ya fi haka, Baba kuma ba shi da kowa. Na yaga na farkon.

Tunda tafi kike kishi, bari in ba ki labarin abin da ya biyo bayansa.

A watan Satumba wani Dokta Brunnhofer ya yi sharhin littafin a mujallar masana. Ya ce babu wanda ya taɓa ganin asalin rubutun, babu ɗakin karatun da aka ambata, sai “iyali”. Ya ce duk mai kunne zai ji inda aka yi faci a ta uku, don babu makaɗin wancan zamani da zai yi wannan tsalle. Ya rufe da cewa yana taya Malama Sauerbrey murnar iya ƙaga kiɗa, amma da ta sa sunanta a matsayin mai shi. Wato ni na ƙirƙiro su, na laƙaba wa matacce.

Gidan rediyo sun fasa. Ɗalibaina biyu sun koma wajen wani malami. Makon jiya kwamitin makaranta ya kira ni, mutum biyar a bayan dogon tebur.

Shugaban ya ce, “Abu mai sauƙi ne. Ina asalin yake?”

Na ce, “Ba zan iya faɗa ba.”

Ya ce, “Ba za ki iya ba, ko babu shi?”

Na maimaita cewa ba zan iya faɗa ba. Sun ba ni zuwa ƙarshen Fabrairu. In ban kawo shaida ba, zan bar koyarwa.

Da muka fito Urs ya ce, “Ke wace irin mai taurin kai ce? Kalma ɗaya fa!” Na ce masa kalmar ba tawa ba ce.

Ban yi niyyar faɗa miki ba. Na zaɓi a kira ni maƙaryaciya a nan da a kira ki ofishin da ba shi da suna a ƙofa a can. Har yanzu a kan haka nake, ba roƙonki nake yi ba. Amma kada ki ƙara ce mini na binne ki. Sunana ne yake a bango, shi kuma ake jifa.

Gahawa zan ci gaba da aikowa. Ta Baba ce.

Almut

Hollerstedt
9 ga Disamba, 1975
(ta gidan waya)

Ƙanwata Almut,

Muna lafiya, dusar ƙanƙara ta sauka tun makon jiya. Wannan ta gidan waya na aiko da gangan. Na yi rubutun da manyan haruffa don kada mai buɗewa ya wahala.

Akwai abin da na ɓoye miki, ki zauna kafin ki karanta.

A watan Yuni, bayan littafin ya iso, na ɗauko asalin na kai bakin taga. Ba don alheri ba, kuskurenki nake nema in samu abin riƙewa. Sai na lura takarda ta goma sha ɗaya tana da tabon ruwa a kusurwa, maƙwabtanta ba su da shi. Na yi ta juyawa har na sami tabon da ya dace da shi, can cikin ta biyar. Wanda ya ɗinke littafin tun zamanin da, shi ya musanya takarda biyu. Rabin ta uku yana cikin ta biyar, rabin ta biyar yana cikin ta uku. Ta biyar ma tana ɗingishi, gudun da take yi ne ya rufe mata asiri.

Kunnenki ya ji daga Basel abin da idona bai gani ba ina riƙe da takardar. Wannan ma ya ƙona mini rai.

Na sani tun Yuni. Na sani lokacin da na rubuta miki cewa ki ci gaba da kaɗa ta yadda take. Wata shida ina kaɗa ta daidai a celona, da rana in Baba ya fita lambu, ina jin daɗin cewa duk duniya ni kaɗai na san yadda take ƙarewa. In na tuna kina can gaban mutum ɗari uku kina ɗingishi, sai in ji sanyi a raina. Ban san da Brunnhofer ba, amma ba zan fake da wannan ba. Ko da na sani a lokacin, ban tabbata me zan yi ba.

Kalmar nan ta “kiyaye” kuma, abin da nake nufi shi ne kada ki bari sunana ya ɓace. Na sake karanta ta da idonki, na ga ke ma kin karanta daidai.

Ranar Litinin na shiga ofishin Pohlenz, na ajiye masa littattafan biyu, tsohon da sabon. Na faɗa masa komai. Fuskarsa ta koma kamar madara.

Ya ce, “Kin fitar da kayan hukuma waje?”

Na ce, “Kwafi na fitar. Da fensir na yi.”

Ya ce, “Fensirin ma na hukuma ne!”

Ya zagaya tebur sau uku, ya ce dole ya kai rahoto, in ba haka ba shi za a kama. Na ce ya kai. Sannan ya buɗe bugun naki yana shafa takardar, ya tambaye ni ko in an sake bugawa za a ambaci sunan ɗakin karatunmu. Na ce har da na shugabansa. Kafin a tashi aiki ya buɗe injin ɗaukar hoton da kansa. Hotunan shafuka goma sha biyu, da hatimi, za su zo wa makarantarku ta hanyar hukuma. Ga kuma takardar shaida a haɗe da wannan: ni, Gerlinde Sauerbrey, na sami littafin, na kwafe shi, na aika miki, kuskuren ta uku kuma a wajena ya tsaya.

Na faɗa wa Baba a wajen cin abinci. Ya daɗe yana kallon cokalinsa. Abin da ya ce kawai shi ne, “Miyar ta huce.”

Ban ce ki yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna.

Yayarki,
Gerlinde

Basel
6 ga Maris, 1976

Yaya,

Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Wasiƙarki mako biyar ta yi a hanya, hotunan kuma sun iso saura kwana tara wa'adin ya cika.

Wata shida, Yaya! Kwana uku ban taɓa goge ba don fushi. Na rubuta miki wasiƙu biyu da gara da ban aiko ba. A rana ta huɗu na jera shafukan yadda kika ce, na kaɗa ta uku tun daga farko. Da na wuce wurin nan, mutumin ya ci gaba da maganarsa har ya ƙare ta. Na ajiye baka na yi kuka, rabi don shi, rabi don haushinki.

Kwamiti ya wanke ni. Brunnhofer ya janye maganarsa a layi biyu, da ƙananan haruffa, a shafin ƙarshe. Za a sake buga littafin da gyara. Sunaye biyu ne a bango, naki a sama, kuma ba shawararki nake nema ba. Pohlenz zai sami layinsa a shafin godiya.

Wani gidan rediyon Jamus ta Yamma zai sa su ranar Lahadi 13 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma. Ina jin kuna kama tashar.

Ban gama fushi ba. Amma ki faɗa mini gaskiya, me suka yi miki?

Ƙanwarki,
Almut

Hollerstedt
15 ga Yuni, 1976

Ƙanwata Almut,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Baba ya ce in gaya miki waken lambunsa ya fi na maƙwabta. Gwaggo za ta taho jibi, ta ce ki tanadi cakulan ɗin nan marar daɗi.

Abin da suka yi mini bai kai abin da muka ji tsoro ba, bai kuma yi daɗi ba. Mutum biyu na hukuma masu rigar ruwa sun yi mini tambayoyi sau uku. Ɗayan ya sa na rera masa farkon ta biyu, wai ya tabbatar ba saƙon asiri ba ne. An karɓe mabuɗin fada. Yanzu ina ƙaramin ɗakin aron littattafai na bakin kasuwa, ina buga hatimi a littattafan soyayya da na kiwon zomo. An ce ba zan ƙara hawa ɗakin sama ba. Akwai akwatuna tara a can da ban buɗe ba, su ne suke hana ni sukuni. Pohlenz kuwa ya sa littafin a akwatin gilashi, yana faɗa wa baƙi yadda ya lura da yoyon rufin.

Ranar Lahadi muka ja labule, muka rage murya. Mai gabatarwa ya faɗi sunana, ya faɗi naki. Na zaci zan ji wani abu babba. Abin da na ji kawai shi ne kunnuwana sun yi zafi.

Kin kaɗa su da kyau, Almut. Na zauna ina jiran ki yi kuskure, ba ki yi ba.

Baba ya saurara har aka gama. Sai ya kashe rediyon ya ce, “Ta uku ta yi sauri.”

Na ce, “Haka na ji ni ma.”

Ya ce, “Ke yaya kike kaɗa ta?”

Na ce, “Ai celo ne nawa, ba ya kaiwa.”

Ya ce, “Ban tambaye ki tsirkiya nawa gare shi ba. Ɗauko.”

Rabon da ya ce in kaɗa masa wani abu tun kafin ki tafi. Na ɗauko. Ko layi ɗaya ban gama ba ya buga sandarsa a ƙasa. “Kafaɗa! Sauke kafaɗar nan! Shekara arba'in da biyu, har yanzu kina ɗaga ta kamar mai ɗaukar buhu.” Na sake. Ya tsayar da ni. Na sake. Awa guda da rabi yana yi mini faɗa, har dankalin da na ɗora ya ƙone, maƙwabciya ta ƙwanƙwasa tana tambaya ko lafiya. Na daɗe ban ji daɗi irin na ranar ba.

Da muka gama ya ce ke kin fi ni yatsu, ni na fi ki haƙurin jan baka. Rabin farko na maganar bai yi mini daɗi ba, kwana biyu ke nan ina juya shi. Ina jin haka zan mutu, sai ki yi haƙuri da ni.

Ki aiko bugu na biyu in ya fito, guda uku. Kuma ki rage gudu a ta uku. Wannan ba kishi ba ne. To, ko da kishin ne, Baba ma ya faɗa.

Yayarki,
Gerlinde